Jawabin Ziyararmu Zuwa Yankari

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Gombe.

Alhamdu lillahi, mun kai yaranmu Yankari, dajin da aka keɓe a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. A Dindima muka bar titin Bauchi, muka shiga ta Mainamaji, muka kwana sansanin Wikki. Yara sun sha wanka a ruwan ɗumi, sun bi sawun giwa, dabbar da sai a littafi suka santa. To, gani ya kori ji.

Masu niyyar zuwa, kada ku shiga daji ba jagora. Ku ɓoye guzuri, gwaggon biri ba shi da kunya.

Iyayen da suka hana 'ya'yansu bana, don Allah baɗi ku ba mu su. Wassalam.