Fitar da Hayaƙin Tabar Siga ta Hanci

Tabar siga ganyen taba ce zalla da aka naɗe cikin wani ganyen taba, babu takarda, babu auduga a gindi. Ganye hawa uku ne a jikinta: na ciki, da na ɗauri, da na waje mai sheƙi. Waɗanda suka fi suna a Kuba ake naɗa su, da ganyen da ake nomawa a lardin Pinar del Río, sai birnin Santiyago na Jamhuriyar Dominikan da garin Esteli na Nikaragwa. Kamaru ma na da hannu a sana'ar, domin ganyen gabashin ƙasar na cikin waɗanda masu naɗi ke nema don rufin waje.

Galibin mashaya siga ba sa kai hayaƙinta huhu kamar yadda mai sigari ke yi. Dalili kuwa yana cikin ganyen. Ana shanya shi a inuwa, sannan a jibge shi ya yi gumi na makonni ko watanni. Hayaƙin irin wannan ganye ba shi da tsami irin na sigari, saboda haka sinadarin nikotin yana ratsa fatar baki ya shiga jini kai tsaye. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, za a sake komowa kansa.

To me ya kawo hanci cikin maganar? Ɗanɗano biyar kaɗai harshe ke rarrabewa: zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci, da garɗin nama. Sauran aikin kusan duk na hanci ne, wanda ke da na'urorin gane ƙamshi kusan iri 400 a can saman kogonsa. A kan gano su ne Linda Buck da Richard Axel suka sami lambar yabo ta Nobel a 2004. Ƙamshi na isa wurinsu ta ƙofa biyu, ta kafofin hanci, da kuma ta wata hanya da ke bayan ganɗa, wadda ta haɗa maƙogwaro da hanci. Shi ya sa mai mura zai sha miyar kuka da ta ji daddawa ya ce lami ce, alhali hancinsa ne a toshe. Ta wannan ƙofar baya mashaya siga ke tura hayaƙi, su ce a nan suke jin ƙamshin itace, da na gahawa, da na koko, da yajin masoro. Yajin dai ba ƙamshi ba ne. Wata jijiya ce ta fuska da ke kai rahoton zafi da raɗaɗi, ita ce ke ƙorafi.

Aikin kansa mataki huɗu ne. Da farko mutum yana cika ƙirjinsa da iska mai kyau, sannan ya ja hayaƙin da kumatu, ya bar shi a baki daƙiƙa biyu ko uku ya ɗan huce. Na biyu, ya buɗe leɓe ya saki mafi yawansa, ya rage ɗan kaɗan. Na uku, ya rufe baki, ya ɗaga harshe ya manna da ganɗa, ragowar hayaƙin ya matsa baya. Na huɗu, ya saki numfashi ta hanci sannu a hankali. Iskar da ke fitowa daga ƙirji ita ke kwasar hayaƙin daga bayan ganɗa ta fito da shi. Wasu kan koya da baki wayam tukuna, su rufe leɓe su yi gunji a hankali har su gane inda iskar ke bi. Waɗanda suka daɗe a ciki ba sa yi a kowace zuƙa, sai jefi-jefi, kuma sun fi yi a farkon siga, kafin ta ƙone ta yi gajere hayaƙin ya yi zafi da ɗaci.

Wurin da sabon shiga ke faɗuwa sananne ne. Maimakon ya saki numfashi, sai ya ja. Nan take ya ƙware, ido ya kaɗa ya yi ja, hawaye ya zubo, atishawa ta biyo tari. Idan ya haɗiye hayaƙin, ko ya sha da yunwa a cikinsa, ba a jimawa zufa za ta keto masa a goshi, jiri ya ɗebe shi, zuciya ta tashi. Nikotin ne ya yi masa yawa. Abin yi shi ne ya ajiye tabar, ya fita inda iska take, ya zauna, ya sha ruwa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Abin takaicin shi ne abokan zama kan yi dariya su ce zai saba, kuma gaskiya ne yakan saba. Sabon nan shi ne matsalar.

Yanzu a komo kan batun da aka ce a riƙe. Akwai maganar da ke yawo a bakin mashaya siga, wai tunda hayaƙin ba ya kaiwa huhu babu komai. Kallon kitse ake yi wa rogo. Karan sigari taba kusan giram 1 ne a cikinsa, babbar siga kuwa tana ɗaukar giram 5 zuwa 20, wato wata guda ɗaya ta kai kwali guda, kuma ana iya shafe awa ɗaya zuwa biyu ana shanta. Duk tsawon lokacin nan hayaƙi na wanke leɓe, da harshe, da dasashi, da maƙogwaro, yawu kuma na gangarawa da dattinsa ciki. Gumin da ganyen ya yi yana ƙara masa sinadarin naitrosamin, ɗaya daga cikin masu jawo ciwon daji. Cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka ta fitar da rahoto a 1998 da ya danganta siga da kansar baki, da ta maƙogwaro, da ta hanyar abinci, da ta huhu.

Mai fitarwa ta hanci ya ƙara wa hayaƙin wani fili ne. Cikin hanci akwai fata mai laushi da 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, masu share ƙura da majina. Hayaƙi na kashe musu ƙarfi, daga nan toshewar hanci da yawan mura su samu wurin zama, jin ƙamshin da aka fito nema shi ma ya dinga dushewa. A 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta saka kansar kogon hanci cikin jerin waɗanda shan taba ke jawowa.

Tarihi ya ajiye misali. Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwar nan na birnin Biyana, ya kamu da kansar ganɗa da muƙamuƙi a 1923 bayan shekaru yana shan siga. An yi masa aiki fiye da sau 30, har aka sa masa ganɗar roba da yake ci yake magana da ita, amma bai bar tabar ba sai da ya rasu a Landan a 1939. Fidel Castro kuwa, wanda duniya ta saba ganinsa da siga a baki, ya daina sha a 1985.

Kada samarin da ke busa shisha ta hanci suna ɗaukar bidiyo a waya su ce ba da su ake ba. Hancin ɗaya ne, ruwan da ke cikin tulun kuma ba ya wanke guba. Ga kuma waɗanda ke zaune kusa, mata da yara, suna shaƙar abin da ba su saya ba. A Najeriya dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a cikin wuraren taruwar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara.

Wanda bai fara ba, rigakafi ya fi magani. Wanda ya riga ya fara, ko yana kaiwa huhu ko ba ya kaiwa, ya kula da alamu biyar: gyambo a baki da ya ƙi warkewa, dushewar murya, kafar hanci ɗaya da ta toshe ta ƙi buɗewa, haɓo mai yawan dawowa, da ƙullutu a wuya. Duk wadda ta wuce mako uku a cikinsu, a tafi asibiti likita ya duba.