Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido



Mun tashi a garin nan adon mace bai wuce lalle da kwalli da kitso da man shanu ba. Ba a taɓa fasa auren yarinya don baƙa ce ba. Tarbiyyar gidansu ake bincike. Yau kuwa 'ya'yanmu na zuwa hutun Sallah daga birane, fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, har kaka ta kasa shaida jikarta.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa man bilicin. A Fabrairun 2023, a Kano, hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yawancin mayukan nan suna ɗauke da sinadarai masu sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa, wasu kuma su lalata ƙoda. Wanda mai bai ishe shi ba sai ya nufi allura ko wuƙar likita. Ba mu manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa, wadda ta rasu a Sifen a watan Oktoba 2005 bayan tiyatar rage kitse. Dukiya da mulki ba su kare ta ba, balle 'yar manomin auduga.

Amma tushen ciwon a zuciya yake. Tun 1891 wani likitan Italiya, Enrico Morselli, ya bayyana halin mutumin da yake hango muni a jikinsa alhali kowa bai gani ba. Irin wannan ko an gyara masa hanci, gobe zai koma kan leɓe, domin ba a taɓa inda ciwon yake ba. Mu da muka shafe shekaru a aji mun san mafarinsa. Mun ga yarinya mai ƙwazo ta daina ɗaga hannu saboda ana kiranta "baƙar tukunya". Sau da yawa daga gida sunan ya biyo ta. Ta girma ta ji samari suna cewa sai fara ko da mayya ce, ta buɗe waya ta ga hotunan da na'ura ta goge. Ina laifinta in ta tsani madubi?

Ba tiyata muke zagi ba. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 domin yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, inda ake gyara musu baki su ci abinci, su koma makaranta. Wannan gyara ne na lalura, kuma abin yabo ne.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Iyaye su daina kwatanta launin 'ya'yansu, ko da wasa. Mazaje da dangin ango su cire man bilicin daga kayan lefe, tunda mu ne muke saye da kuɗinmu. Ƙungiya kuma ta riƙa turo likitocinmu da ke birane su zagaya makarantun 'yan mata na Malumfashi da kewaye duk shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya maida kowa gidansa lafiya. Wassalam.