Daga gonakin goron Agege zuwa bakin tekun Legas

Goro ne ya ja kakannin Hausawa da dama zuwa Agege. A farkon ƙarni na 20 yankin gonakin goro ne da koko, jirgin ƙasa yana ɗaukar huhu zuwa Kano. Yau wanda ya hau gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, duk inda ya waiwaya rufin kwano ne da siminti. Yaran Zango, unguwar Hausawa, a lungu suke buga ƙwallo, duwatsu biyu ne ragarsu, ana tsayar da wasa duk sanda mai Keke zai wuce.

Bakin teku ma bai tsira ba. Bar Beach, inda talaka ke kai iyalinsa shan iska ranar Sallah, an cike shi da yashi, Eko Atlantic ya maye gurbinsa. An rushe unguwar Maroko a 1990. Otodo Gbame, ƙauyen masunta a Lekki, ya bi sahu tsakanin 2016 da 2017, dubban mutane suka koma kwana cikin kwale-kwale.

Abin takaicin shi ne, fadamun da ake cikewa su ne ke shanye ruwan sama. Idan aka toshe su, ɗakin mutane ruwan yake nufa, kuma mazauna Legas suna gani kowace damina.

Jihar tana da hukumar lambuna, LASPARK, tun 2011. Ya kamata sarakunan Hausawa da limaman Agege su je mata da jerin filayen makarantu da na idi da suka rage, a yi musu rajista da sunan al'umma kafin dillalan fili su kafa turaku.