Masu Gadin Rana

Yau maganarmu a kan rana ce, da mutanen da ba su da wani aiki sai gadinta.

Mu da muke nan ƙasa, kullum muna ganin rana iri ɗaya. Amma ba haka take ba. Rana ƙaton dunƙulen wuta ce, tsakaninmu da ita mil miliyan 93. A fuskarta akwai waɗansu baƙaƙen tabo masu fitowa su ɓace. Wani tabon ya fi duniyarmu duka girma. Amma fa kada kowa ya ce zai duba da idonsa. Wanda ya ƙura wa rana ido yana iya makancewa.

Wani Bajamushe mai sayar da magani, sunansa Schwabe, ya yi shekara 17 yana ƙidaya tabon nan. A 1843 ya bayyana cewa sukan yi yawa, su ragu, su sāke yin yawa. Yanzu an san zagayen nan yakan ɗauki kamar shekara 11.

Sa'ad da tabo suka yi yawa, rana takan yi aman wuta, ta watso wata irin iska mai zafi. In iskar ta nufo mu, takan iso cikin kwana 1 zuwa 3. Ba ta ƙona mutum, gama iskar duniya da maganaɗisunta suna kāre mu. Sai dai takan ɓata kayan aiki. A 1859 ta rikita wayar tangaraho a Turai da Amurka. A watan Maris 1989 ta kashe wutar lantarki a jihar Kwibek ta Kanada, mutum wajen miliyan 6 suka yi sa'a 9 babu wuta. Mu ma abin yakan taɓa mu. Mai sauraron rediyo a gajeren zango, wata rana yakan ji tasha ta ɗauke ba dalili. Wani lokaci ba laifin batir ba ne, aikin rana ne.

Gadin rana daga ƙasa yana da wuya. Dare yakan yi, hadari yakan haɗu, ga kuma hazo. Saboda haka a watan Disamba 1995 ƙasashen Turai da Amurka suka haɗa kai, suka harba wata na'ura sama, sunanta SOHO. An ajiye ta kusan mil miliyan 1 daga nan, tsakaninmu da rana, inda babu dare, babu girgije. A jikinta akwai ɗan faifai mai rufe fuskar rana, don a ga abin da ke tashi a gefenta. Mutanen Gusau da Katsina da suka ga husufin ran 29 ga Maris 2006 sun san irin wannan. Su sun gani na 'yan mintoci, ita kuwa kullum husufi take yi wa kanta. A 2010 Amurka ta ƙara harba wata, SDO, mai ɗaukar hoton rana kowace daƙiƙa 12.

To, ga inda muke so ku lura. Akwai shekarun da rana takan kwanta. A 2008 an yi fiye da kwana 260 ba a ga tabo ko ɗaya ba. Haka kuma a 2019. Fuskar rana ta zama fes, kamar sabon tasa. Wani zai ce, to, me ake gadi? Me ya sa ba a huta ba?

Manomi ya san amsa. Da rani gona ba ta da komai, amma a lokacin ne mai hankali yake duba ta, ya san abin da zai tarar da damina. Haka masanan nan. Sa'ad da rana ta kwanta, sukan auna ƙarfin maganaɗisunta a can samanta da ƙasanta. In ya yi ƙarfi, zagaye mai zuwa zai yi ƙarfi. Sukan kuma jira 'yan ƙananan tabo su ɓullo nesa da tsakiyar rana, maganaɗisunsu a juye. Wannan ita ce alamar sabon zagaye ya soma. Da irin wannan lissafi aka gane cewa a watan Disamba 2019 rana ta kai ƙarshen kwanciyarta. Ba a iya faɗa ba sai a Satumba 2020, gama sai an tara ƙidayar watanni da yawa.

Har wa yau, kwanciyar rana ba barci ba ne. A watan Disamba 2006 tabo sun riga sun yi ƙaranci ƙwarai, sai ga shi ta yi wani babban aman wuta, har na'urorin nuna hanya na GPS suka rikice a wurare da yawa. Jiragen sama da na ruwa suna aiki da irin na'urorin nan.

Kada kuma mu ɗauka in rana ta kwanta zafi zai ragu. Abin da ke raguwa bai fi kashi 1 cikin 1,000 ba, jikin mutum ba ya ji. Sanyin hunturu da zafin bazara suna nan yadda muka san su.

A 2024 tabo sun kai matuƙar yawa. Masana suna sa ran rana za ta sāke kwantawa wajen 2030.