Bazawara ta kama Allah, mu fa?



Yau zancen zawarawa za mu yi. Da wuya a samu wanda ke zaune a nan da ba shi da bazawara a gida: ko yaya, ko ƙanwa, ko ma uwar da ta haife shi.

Kun san yadda abin yake. An yi saki cikin fushi, wani lokaci ma ta waya, kafin magariba kayanta na waje. Ta koma gidan iyaye, ɗaki guda da ƙannenta, ga goyo. Duk wanda ya zo sai ya ce: "Ki yi haƙuri, ki kama Allah." Kuma wallahi suna kamawa. Ku leƙa islamiyyun mata a Maraɗi ko Damagaram, za ku tarar da su. Karatu da sallar dare ke riƙe zukatan da yawa cikinsu, a can kuma suke samun ƙawayen da za su ji kukansu.

To mu fa? Addinin da muke tura ta gare shi, shi ne ya ɗora mana nauyinta. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saki daga ɗakinta tana cikin idda. In tana da ciki, ciyarwa na kan miji har ta haihu. In tana shayarwa, a biya ta. Aya ta 241 a Suratul Baƙara ta yi zancen kyautar rabuwa. Ku gaya mini, wa ya taɓa ganin an ba da ita a unguwarsu?

Masu yi wa zawarci kallon tabo kuma, su tuna: cikin matan Annabi (SAW) Nana A'isha kaɗai ya aura budurwa. Nana Zainab ƴar Jahshi sakinta aka yi kafin ya aure ta.

Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali, shi ya sa macen da ba ta da mai tsaya mata ke asarar haƙƙinta. Ku raka ƴar uwarku wajen malam ko alƙali, a rubuta takardar saki da kuɗin abincin ɗiya. Ku sa ta cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maraɗi tun 1991, ta samu jari.

Kai kuma saurayi, kafin ka koyi sakin, koyi abin da ke biyo bayansa.

Allah ya sa mu gyara.