Jawabin koci: Ka duba kafin ƙwallo ta iso

 

Filinmu ƙarami ne, ƙwallonmu ɗaya, amma sun ishe mu. Mutum biyar su yi da'ira, biyu su shiga tsakiya suna neman ƙwace ƙwallo. Taɓawa biyu kawai: ka tare, ka ba da fasin. Wanda aka ƙwace a ƙafarsa, shi zai koma tsakiya. Wannan atisayen ake kira rondo, da shi Barcelona ta yi suna.

Tun ƙwallo tana hanya, ɗaga kai ka zaɓi wanda za ka ba. In ka tsaya tunani, an ƙwace. Idan kun ƙware, ku matse da'irar, ku koma taɓawa ɗaya.

Iyaye, ku bar 'yan mata ma su zo. Bayan la'asar muke farawa. Kowa ya riƙo ruwan sha.