Birkin Baya Ba Ya Kamawa? Kafin Ka Sake Ɗaure Notin Nan, Saurara

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, zancen birki za mu yi. Eh, birkin babur. Kada wani ya ce me ya haɗa gwagwarmayar matasa da kanikanci. Babur shi ne ƙafarmu, shi ne jarin da yawa daga cikinmu, kuma mu ne muke kwanciya a asibiti da karaya idan ya ƙi tsayawa. Muna da haƙƙin yi wa hukuma magana kan ramukan titi, amma birkin da ke ƙarƙashin ƙafarka, wannan kam alhakinka ne.

Yawancinmu tsofaffin babura muke hawa: Jincheng ɗin da aka gada wajen yaya, Boxer da ya zaga hannu uku, ko tsohon Honda CG125. Birkinsu na baya kusan iri ɗaya ne. Idan ka taka feda, tana jan wani siririn rodi. Rodin ya ja ɗan hannun ƙarfe da ke jikin tayar baya, hannun ya murɗa wani guntun ƙarfe a ciki, shi kuma ya buɗa shu guda biyu su manne da cikin hob. Wannan gogayyar ita ce birkin, shi ke nan. Don haka idan ya yi sanyi, ko dai ƙarfin ƙafarka ba ya isa ga shu ɗin, ko kuma yana isa amma shu ɗin ba ya riƙewa.

To me muka saba yi? Birki ya yi sanyi, a murɗa notin da ke ƙarshen rodi. Bayan sati biyu a ƙara murɗawa. Ɗan'uwa, notin nan na saiti ne, ba magani ba ne. Ranar da ka ga zaren rodin ya kusa ƙarewa, babur ɗin yana gaya maka akwai matsala a ciki.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kafa babur a jak ɗinsa na tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Danna fedar da hannu. A yawancin irin waɗannan babura, santimita 2 zuwa 3 ya kamata ta sauka kafin birki ya fara kamawa, wato kamar faɗin babban yatsa. In ta wuce haka, ɗaure notin kaɗan-kaɗan, kana juya tayar. Idan ka saki feda dole tayar ta juya sakayau. In tana gogawa, ka wuce gona da iri: hob zai yi zafi, shu ya ƙone, ga shan mai. Kuma duk ranar da aka ja maka sarƙa, a sake saita birki, domin tayar ta matsa baya, saitin ya canza. A duba fitilar birki ma, ko tana kamawa.

Sannan ka kalli rodin, ko ya lanƙwashe. Kalli inda fedar take juyawa, ko tsatsa da laka sun cije ta. Akwai kuma wata sandar ƙarfe da ke riƙe murfin birkin don kada ya bi taya ya juya. Tabbatar notinta a ɗaure yake. Idan wannan sandar ta kwance kana tafe, Allah ya kiyaye, tayar na iya ƙamewa nan take.

Wasu baburan suna da 'yar kibiya a jikin hannun birki, da alama a jikin murfin. Taka birki sosai. In kibiyar ta kai kan alamar, shu ya ƙare. A nan ne wasu masu gyara ke yin dabara: su zare hannun, su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, birki ya dawo kamar sabo. Don Allah kada ka yarda. Idan shu ya cinye, guntun ƙarfen nan na ciki yana iya murɗawa ya wuce iyakarsa ya maƙale, birki ya kama ya ƙi saki. Ka yi tunanin haka a tsakiyar titi, da tirela a bayanka.

In duk na waje lafiya lau ne, sai a kwance taya a duba ciki. Abu huɗu za ka nema. Na ɗaya kauri: idan fatar shu ɗin ta sauko kusan milimita 2, canza ta, duka biyun tare. Na biyu maiƙo: giris ɗin da aka cika wa boris, ko baƙin man da muke kwarara wa sarƙa, yana iya kaiwa ciki. Shu ɗin da ya sha mai ya tashi aiki. Wanke shi da fetur ko ƙona shi a wuta ba ya dawo da shi. Na uku ƙyalli: in ya yi sumul yana sheƙi kamar gilashi, zafi ne ya ƙona fuskarsa, a goge shi da samfefa, a goge cikin hob ɗin ma. Na huɗu shi kansa hob ɗin. A tsohon babur yakan cinye ya yi faɗi ko ya yi zane-zane. Shi ya sa wani zai sa sabon shu amma birki na nan jiya i yau. In haka ne, hob ɗin ne abin canzawa.

Tun da an buɗe, a zaro guntun ƙarfen nan mai buɗa shu, a kankare tsatsarsa, a shafa masa giris ɗan kaɗan, kada ya taɓa shu. Ƙurar da ke ciki kuma kada ka hure ta da baki. Wasu shu ɗin, musamman tsofaffi, suna da sinadarin asbestos mai lahani ga huhu. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Wajen mayarwa, wani ya taka birki ya riƙe kafin a ɗaure babban notin taya, don shu ɗin ya zauna daidai a tsakiya. Sabon shu ba ya kamawa sosai a ranar farko, sai ya zauna, don haka ka bi a hankali. Da damina ma, in ka ratsa ruwa, ɗan taka birki a hankali kana tafe har ya bushe.

Abu na ƙarshe. Da yawanmu muna tsoron birkin gaba, wai yana kayarwa, har wasu sun bar wayarsa a tsinke. Alhali idan za ka tsaya nauyi gaba yake komawa, kuma na gaban ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Wanda ya bar wa na baya komai, dole ya cinye masa da wuri. Ka gyara biyun, ka samu fili ka koyi haɗa su a hankali.

Masu haya, na san lissafin balas da kuɗin cefane ba wasa ba ne. Amma ka kwatanta kuɗin shu da kuɗin ɗori, da watannin da za ka yi a kwance ba shiga. Kuma wanda ka goya bai duba birkinka ba kafin ya hau, amana ya ba ka.

Gobe da safe, kafin ka buga kik, danna fedar nan da hannu ka gani. Ku tura wa abokanku masu babur. Allah ya tsare mu a hanya, sai mun haɗu a shiri na gaba.